Sawun Bulama

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, ko ta wace hanya muka bi. Wanda na zauna in rubuta a kansa shi ne mahaifin matar ɗana, Bulama, wato dagacin wani ƙaramin gari na Larabawan Shuwa a can gabashin Barno, wanda ajali ya riska a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, a daminar shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar. Jikokinmu, ni da shi, suna tasowa a tsakanin benaye, ba su taɓa taka ƙasar garinsa ba. Ina gudun kada ya zame musu suna kawai da ake ambata a ƙarshen addu'a. Wannan ne dalilin ɗaukar alƙalamina.

Ranar rasuwar, falon ɗana da ke unguwar Dengfeng bai ɗauke mutane ba, har a kan matakala aka zazzauna. Wani Bakano mai fataucin wayoyi, wanda ban taɓa ganin kunnensa babu waya ba, ya kashe tasa ya jefa a aljihu, ya ce mini, "Baba, wallahi mutumin nan bai taɓa duban fuskata ba sai ya fara duban ƙafata. Da fari na ɗauka raini ne."

Wani ɗan Maraɗi da ke gefensa ya ce, "Raini ina! Ni ce mini ya yi in sauya wa jakata kafaɗa, wai a tafiyata ya ga ta fara karkatar da ni. Na yi ta dariya. Ga shi yau bayan nan ba ya bari in yi ruku'u da daɗi."

Basinen da ke sayar da injinan ban-ruwa, wanda Bulama ya sha wahalar da shi a ciniki, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya rusuna, ya faɗi kalma ɗaya tak da kowa ya gane: "Lawban," wato maigida. Tsohuwar da muke haya a gidanta ita ma ta hauro. Ba ta shigo ba. Ta daɗe tana duban takalman da aka jere a bakin ƙofa, sannan ta juya. A lokacin ban ba wannan kallo muhimmanci ba.

'Yarsa kuwa, matar ɗana, ba ta ɗaga murya da kuka ba. Tana rungume da jaririnta tana maimaita magana guda: "Me zan ce wa Yaya?" Yayan nan nata shi ne babban ɗan Bulama, wanda ya bari a gida yana riƙe da gari. Tambayar tata ita ce ta danne mu a kwanakin da suka biyo baya, domin gawa tana ɗakin sanyi na asibiti, kuma ta ce ba za ta yarda a binne mahaifinta a baƙuwar ƙasa ba sai da yawun yayanta.

Kafin in kai ga yadda aka ƙare, bari in faɗi ko wane ne shi.

Ni tsohon safiyo ne. Na yi elemantare da midil a zamanin da malami kan duba farcenka kafin ya duba littafinka, na kuma ƙare ƙuruciyata ina auna hanyoyi a ma'aikatar ayyuka har na yi ritaya da mutuncina. Aikin ido ne ya kai ni Sin. Ɗana, mai sayen kayan gini yana aikawa Kano, ya ce in zo a cire mini yana, da aka cire kuma ya ce in ƙara hutawa. Bulama ya iso bayana da niyya biyu: ya ga jikan da aka haifa mana, ya kuma sayo injinan da manoman albasa na garinsu suka haɗu suka aiko shi. Kafin nan sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar ɗaurin aure a Maiduguri. Gidan haya a Dengfeng ba ya da faɗin da za a ba kowane dattijo ɗakinsa, saboda haka aka haɗa mu a ɗaki guda, gadona na duban nasa. Ya ƙi gadon, ya sauke katifar ƙasa. Yakan kira ni Safiyo, ni kuma in kira shi Bulama, har muka rabu ba wanda ya kama sunan wani.

Dogo ne, siriri, mai farin gemu, yana ɗan jan ƙafar hagu saboda wata saniya da ta taɓa harbinsa yana saurayi. Hausarsa ta kasuwa ce mai gauraye da Larabcinsu, amma ba ta taɓa kasa isar da saƙo ba.

A makon farko na tambaye shi inda garinsu yake, domin na san taswirar Barno kamar tafin hannuna, ban kuwa tuna da sunan ba. Ya ce, "Ba ya cikin takardarku. Miƙo farantin nan." Ya kwashe kayan shayi, ya kife ƙaramin kofi a tsakiyar farantin.

"Farantin nan shi ne firki," in ji shi. "Baƙar laka, shimfiɗe kamar an guga ta, ba dutse, ba kwari, iyakar ganinka. Kofin nan tudun yashi ne, mu ne a kai, mu da kaburburan kakanninmu. Nan, wajen hannunka, Tafkin Chadi; ina yaro muna jin kukan tsuntsayensa, yanzu ya yi fushi ya ja da baya. Nan kuma Kamaru, tafiyar da ba ta kai wuni ba."

Ya ce da rani firki kan tsattsage har ƙafar ɗan maraƙi ta faɗa ciki, da damina kuwa ya zama taɓo mai riƙe doki har gwiwa. Daga saukar ruwa sosai zuwa janyewarsa babu motar da ke shiga garin, babu mai fita. Na tambaye shi to me suke ci. Ya dube ni kamar na tambayi kifi me yake sha.

"Masakwa mana. Dawar da ba ta son ruwan sama a kanta. Mu yi kunyoyi mu tsare ruwan damina a kan laka ya jiƙa ta har ciki. Mu yafa iri a gefen tudu. Ruwa na janyewa mu cire, mu huda laka da sanda mai tsini, mu ɗiga ruwa kaɗan, mu dasa. Shi ke nan, ba ban-ruwa, ba komai, ita da ƙasa su san yadda za su yi. Kowa na girbi, mu muna dashe. Kowa ya kusa cinye nasa, mu sannan muke cika rumbu. Shi ya sa, Safiyo, ba a san mu da gaggawa ba."

Bayan masakwa akwai shanu, da nono da man da mata ke kaiwa kasuwar bakin iyaka, da wake da masara da samari ke zuwa nomawa a ƙasan tafkin da ya janye, sai albasar rani a gefen wani rafi, wadda saboda ita ya ƙetaro duniya neman inji. Mai injinan nan ya sha fama da shi. Bulama bai yarda da injin da aka gwada masa da ruwan famfo ba. Sai da ya sa aka kwaɓa laka a bokiti aka ba injin ya sha, domin, a cewarsa, ruwan garinsu ba mai wanka ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsaron garin. Ba ganuwa, ba ofishin 'yan sanda, ga ɓarayin shanu, ga 'yan kwanta-kwanta masu tare hanyoyin bakin iyaka. Ya ce abin da suke da shi kawai shi ne jan ƙaya. Kullum da faɗuwar rana, bayan shanu sun shigo, sai a ɗaura reshen ƙaya a bayan jaki a zagaye tudun da shi, ya share yashin ya bar shi sumul. Da asuba, kafin kowa ya fita, Bulama ya zagaya yana karanta abin da aka rubuta a kai: wa ya shigo, wa ya fita, da kaya ko hannu sake, a guje ko a tsanake. Ya san sawun kowane magidanci, kowane doki, kowane jaki. In an ga baƙon sawu ya fita da saniya, a buga ganga, duk namiji mai lafiya ya bi.

"Ba ma kama ɓarawo da ƙarfi," in ji shi. "Sanin da ya yi cewa za a san shi, shi ke hana shi zuwa."

Saboda haka Guangzhou ta dame shi ƙwarai a farko. Muna tafe a titin Huanshi, jama'a kamar an fasa gidan tururuwa, sai ya tsaya ya dubi daɓen ya girgiza kai. "Dubi mutanen da suka wuce nan tun safe, ko ɗaya ƙasa ba ta riƙe ba. Garin da ba ya riƙe sawu, ta yaya yake barci?" A watannin nan kuwa, saboda gabatowar wasannin, an tsananta bincike. Ko da yake a Beijing za a yi su, mu ma a nan sai da muka ji a jikinmu: ana tare baƙi a nemi fasfo, sabunta biza ya yi wuya, 'yan kasuwa da yawa sun tattara sun koma gida. Bulama ya ɗinka wa fasfonsa jakar fata ya rataya a wuya. Da ɗana ya nuna masa na'urorin ɗaukar hoto da ke saman turaku, ya kuma bayyana masa aikinsu, sai fuskarsa ta washe. "To, alhamdu lillahi, ashe su ma suna jan ƙaya. Nasu dai a sama suka rataye shi." Daga ranar ya saki jiki da garin.

Sau ɗaya muka yi saɓani, kuma a kan sana'ata ne. Samarin garinsu sun aiko masa cewa ya haɗo musu da babura, suna kuma so ya sa baki a nemi gwamnati ta yi musu hanyar burji. Ya ƙi duka biyun. Na ce masa wannan kuskure ne, domin ban taɓa ganin garin da hanya ta talauta ba.

Ya ce, "Hanyar da za ta fitar da albasa ita za ta shigo da mai bindiga. Taɓon nan da kake rainawa, shi ne sojanmu na damina. Babur kuma, Safiyo, duk sawunsu ɗaya ne. Na ɓarawo da na liman ba ka rarrabewa."

Na ce, "To, macen da naƙuda ta tsananta mata a tsakiyar damina fa? Sojan naka zai kai ta asibiti?"

Ya tashi ya fita. Da yamma ɗana ya gaya mini cewa haka mahaifiyar matarsa ta rasu, a kan gadon kara, maza na ɗauke da ita a cikin taɓo. Shi ya sa ma aka kai yarinyar Maiduguri wurin gwaggonta ta tashi a can. Kwana biyu muna gaisawa kawai. A na uku ya dafa shayi ya miƙo mini kofin farko, ya ce, "Ka faɗi gaskiya, ta kuma yi zafi. Ni ma gaskiya na faɗa. Sha shayinka." Har yau ina kan ra'ayina, na kuma tabbata ya tafi da nasa.

Da tsohuwa mai gidan kuwa abota suka ƙulla wadda ba ta bukaci tafinta ba. Tana da lambu a saman bene, a cikin akwatunan da aka zubar, kuma ƙafafunta sun gaji da hawa da bokiti. Ya gan ta sau ɗaya, daga nan ya karɓe ɗaukar ruwan. Nakan hau in same su, shi yana murza ƙasa a hannu yana yi mata faɗa da Larabci cewa ta cika ba shuka ruwa, ita tana mayar masa da Sinanci, kowa na gyaɗa kai. Takan ba shi wani ɗan kabewa mai ɗacin tsiya, ya kawo a dafa, ya cinye tas don kada ta ji labarin ya rage.

Sai zancen takalma. Takalman fata ne da ya zo da su daga gida, sun sha faci, dugadugin na hagu ya cinye gefe guda saboda jan ƙafarsa. Ɗana ya ji kunyar a ga surukinsa da su a masallacin Juma'a, ya kai mu kasuwar Sanyuanli ya zaɓo masa sababbi masu sheƙi. Bulama ya gwada, ya yaba, ya yi godiya, ya mayar cikin kwali.

"Ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Amma in na koma da waɗannan, garina ba zai gane ni ba. Ganga za a buga."

A hanyarmu ta dawowa ya ba ni labarin da ban san zan bukace shi ba. Ya ce a da, in mutumin garinsu ya rasu a nesa, wurin kiwo ko fatauci, ba a wahalar da gawa, a nan inda ya faɗi ake binne shi. Abin da ake kawowa gida takalmansa ne. Wanda ya kawo su ya jira a ja ƙaya, sannan ya taka su a kan sharar, suna fuskantar gari. Da safe mai karatun sawu ya gani ya shaida wa jama'a, sannan a zauna makoki. Ya ce rabon da a yi haka tun yana matashi, lokacin da wani baffansa ya rasu a Sudan a hanyar Makka. "Yanzu mota ta zo, kowa sai a ɗauko shi a yi ta jijjiga shi. Yara ma ba su san an yi ba."

Ya so komawa kafin ruwa ya sauka, amma injinan suka makara, domin lodi ya yi ta jinkiri a watannin nan. Da aka ce masa damina ta kankama a gida, sai ya ce to babu sauran gaggawa, ƙofa ta rufu sai kaka. Ana tsakiyar wasannin, kowane kanti akwatin talabijin na ta ihu, wata ranar bayan la'asar ya sauko daga lambun, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya zauna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin magariba ya cika a asibiti, kalmar shahada a bakinsa. Ni na rufe masa ido.

Limamin Musulmin Sin na masallacin da muke Juma'a ya tsaya mana tsayin daka, ya ce za a iya samun wuri a maƙabartarsu in iyali sun amince. Amma samun yayan nan aiki ne. Garin ba sabis, sai an hau wata tsamiya a bakin tudu a kamo na Kamaru. Muka sami wani ɗan'uwansu a kasuwar bakin iyaka, shi ya tashi mutum ya keta taɓo da ƙafa ya kai labari. Muna jira, kwanaki na tafiya, ga tsoro, domin mutanen ƙasar ƙona gawa suke yi, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa gawar da ta daɗe ba a ɗauka ba nan take ƙarewa. Ban san gaskiyar zancen ba, amma ya isa ya hana mutum cin abinci.

Da yayan ya kira, ƙanwarsa ta miƙo mini wayar. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa a taƙaice, ya ce, "Baba, jirgin da ya kai shi da rai ya dawo mana da shi."

Na ce, "Ɗana, jirgi zai sauke shi a birni, mota ta kai shi Maiduguri. Daga nan fa? Ka fi ni sanin firki a wannan wata."

"A ka za mu ɗauke shi."

"Bayan makonni a hanya? Haƙƙin mamaci a gaggauta suturta shi."

Muryarsa ta ɗaga. "Kakanninmu duk suna kan tudun nan. Bulama guda a binne shi a ƙasar da ba wanda zai ce ga kabarinsa, kamar wanda ba shi da kowa? In kuka yi haka ba da yawuna ba, to zumunci ya ƙare, ƙanwata ta tattaro ta dawo gida." Sai sabis ya ɗauke.

Ban ga laifinsa ba. Mutum ne a kan reshen tsamiya, ruwa na dukansa, an ce masa ubansa ya mutu a bangon duniya. Washegari da ya sake kira, na bar shi ya gama, sannan na ce, "Ba za mu bar shi a nan kamar marar gata ba. Takalmansa za su zo. Ni da kaina zan kawo su, in taka su a kan shara."

Sai ya ce, "Wa ya gaya maka wannan?"

"Shi."

Na ji yana magana da wani a ƙasan bishiyar da Larabci, daga baya na san ƙanen Bulama ne, wani tsoho. Sannan ya dawo, muryarsa ta karye. "Baffa ya ce haka ake yi. Ku binne shi, Baba. Allah Ya saka muku. Amma waɗanda ya tafi da su, ba wasu ba."

Falon ya ɗauki hamdala. Bakanon nan mai wayoyi ya matso ya ce a hankali, "Baba, anya wannan ba bidi'a ba ce?" Na ce masa ba salla za a yi wa takalman ba, sanarwa ce irin ta mutanen da yashi ne takardarsu. Ɗan Maraɗi ya ce, "Kai da ke sayar da waya mai sunan wani kamfani da cikin wani, yau kai ne mufti?" Aka yi dariyar farko tun ranar rasuwar.

Sai aka je bakin ƙofa ɗauko takalman. Babu su.

Muka birkice gidan. Sababbin na nan a kwalinsu, tsofaffin ko alama. Ɗana ya sauka ya tambayi mai shara da mai kantin ƙasa, kowa "meyo" yake cewa, wato babu. Na riga na ba da alkawari a gaban maraya, kuma da shi aka ba mu izini. Wani ya ce a sayi irinsu a tsufar da su, wa zai sani? Na ce mutanen da ke rarrabe sawun jaki da na ɗan'uwansa su za a yi wa haka? Ko da ba za su gane ba, ni na sani.

Rana na shirin faɗuwa sai matar ɗana ta ce tana jin ƙaurin hayaƙi daga sama. Watan nan, a lissafin mutanen Sin, wata ne na tunawa da matattu, suna ƙona takardu a gwangwani, a imaninsu abin da aka ƙona yana isa ga mamaci. Nan take kallon da tsohuwa ta yi wa bakin ƙofa ya faɗo mini. Ban san ina da sauran ƙarfin hawa bene haka ba.

Tana tsugune a tsakanin akwatunan lambunta, wuta na ci a gwangwani, takalman Bulama na gefenta, ta wanke su ta goge. Ɗana ya yi mata magana da guntun Sinancinsa, ta amsa tana share ido. Ya juyo ya ce, "Baba, wai ta ga an fita da shi ba takalmi. Ta ce hanyar da nisa, ba za ta bari ya tafi ƙafa ba komai ba."

Na ce, "Gaya mata ta yi gaskiya, da sauran tafiya a gabansa. Amma gida za shi tukuna, kuma da waɗannan za a gane shi."

Ban san yadda ya juya maganar ba, amma ta fahimta. Ta naɗe su a takarda ta miƙo mini da hannu biyu. Abin da ta nufa ba addininmu ba ne, ban kuwa taɓa mantawa da cewa don ƙauna ta yi ba.

Kashegari muka binne shi a maƙabartar Musulmi da ke gefen wani tudu a bayan gari, sahu ya haɗa Hausawa da Larabawa da Sinawa. Ƙasar wurin ja ce mai tsakuwa, da yana tsaye da ya murza ta ya ce ba za ta yi masakwa ba. Da aka gama mayar da ƙasa na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Matar ɗana ta ci abinci a ranar.

Da kaka na cika alkawari. Mota ta ajiye ni a kasuwar bakin iyaka, daga nan amalanken shanu, domin laka ba ta gama bushewa ba. Duk girgizar da na sha ina cewa a raina da an ji shawarata. Ko'ina mutane ne sunkuye suna dashen masakwa. Can sai ga shi a tsakiyar fili, kofin da aka kife a faranti, da tsamiyarsa a gefe. Injinan sun riga ni isowa, suna ɗakin Bulama ba a kwance su ba.

Babban ɗan ya tarye ni a wajen gari, domin ba a so in shiga kafin a yi abin da ya kawo ni. Shanu suka shige, aka ja ƙaya. Na sa hannuwana cikin takalman, na sunkuya ina taka su a kan yashi, ɗaya bayan ɗaya, zuwa ƙofar gari. Yana biye da ni daga gefe. Ya ce a hankali, "Baba, ja ta hagun kaɗan." Na ja.

Da gari ya waye jama'a suka taru a gindin tsamiya. Ƙanen Bulama ya zagayo tudun da sandarsa, ya tsaya a gabanmu, ya ba da labarin shara kamar yadda ake bayarwa kullum.

"Kura ba ta zo ba. Jakin gidan liman ya fita ya dawo. Akwai baƙo ɗaya mai takalmin birni, tsoho ne, ya gaji." Ya ɗan tsaya. "Bulama ya shigo. Bai fita ba."

Sai a sannan kuka ya tashi daga cikin gidaje, aka shimfiɗa tabarmi, aka fara karɓar gaisuwa.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa a waccan jar ƙasa, Ya tsare tudun nan da mutanen da ke kansa. Ku kuma jikokina, in an tambaye ku inda kakanku yake, ku ce an binne shi a Sin, amma yana gida.